Charlie Chaplin, Yaron Lambeth da Ya Ƙi Zama Ɗan Ƙodago

A watan Agusta na 1920 wasu baƙi suka sauka a wani otal a birnin Salt Lake City, cikin jihar Utah ta Amurka, da akwatuna maƙare da gwangwanayen gahawa. Ko ƙwayar gahawa babu a ciki. Zaren fim ne aka nannaɗe aka cusa, kusan ƙafa 400,000, aikin wata tara cur. Zaren fim na wancan zamani ɗan tartsatsi kaɗan ya ishe shi ya tashi da gida, shi ya sa doka ba ta yarda a baje shi a ɗakin otal ba. Haka nan suka kulle ƙofa, suka baje shi ko'ina har cikin durowa, suka shiga yanka da haɗi. Mai kayan shi ne Charlie Chaplin, ɗan Ingila mai shekara 31, wanda a lokacin da wuya a sami fuskar da duniya ta sani kamar tasa. Fim ɗin kuma shi ne The Kid.

Gudu ya yi. Aurensa da Mildred Harris yana gab da mutuwa, lauyoyinta na neman kotu ta riƙe dukiyarsa, shi kuma yana zargin kamfanin First National, mai rarraba finafinansa, da zuga su ta bayan fage don fim ɗin ya faɗo hannunsa da araha. Kamfanin so yake ya biya kuɗin gajerun finafinai uku, alhali Chaplin ya san abin da ke hannunsa ya wuce nan. Sai ya tsallake iyakar Kalifoniya da uwar fim ɗin, asalin zaren da ake buga kwafe daga jikinsa, abin da 'yan fim ɗinmu ke ce wa masta. Da kamfanin ya ga ba sarki sai Allah, ya sauko suka daidaita a kan dala miliyan ɗaya da rabi, da sharaɗin bayan shekara biyar fim ya koma hannun mai shi.

Duniya ta riƙe Chaplin da 'yar hularsa da sandarsa da tafiyar agwagwa, kuma akan ba da labarinsa a matsayin labarin baiwa tsagwaronta. Baiwar akwai ta, ba musu. Sai dai masu baiwar barkwanci sun yi yawa a Hollywood ta zamaninsa, kuma da yawansu sun tsufa hannu Rabbana, finafinansu na aljihun wasu. Abin da ya raba shi da su, a ganina, taurin kai ne a kan abu guda, cewa duk abin da ya yi da guminsa nasa ne. Daga lungunan kudancin Landan ya taho da wannan hali.

A can aka haife shi ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa duka mawaƙa ne a gidajen wasa, irin dandalin da talakawan Ingila ke cikawa da daddare su sha giya, su ji waƙa, su yi wa wanda bai burge su ba ihu har sai ya sauka. Uban, Charles, yana da murya da suna, amma kwalba ta fi ƙarfinsa. Uwar, Hannah, muryarta ce ta riƙa shaƙewa. Sun rabu yaron bai wuce shekara biyu ba. A littafin tarihin rayuwarsa na 1964, Chaplin ya ce yana ɗan shekara biyar muryar uwar ta ɗauke ɗif a kan dandali a garin Aldershot, gaban taron sojoji, aka turo shi ya yi waƙa a madadinta. Da aka fara watso masa kuɗi sai ya katse waƙar, ya sanar cewa sai ya tsince tukuna zai ci gaba. Ko ya ƙara gishiri a labarin, halin mutumin ke nan.

Hannah ta koma ɗinki. Rigunan mata take ɗinka wa wani ɗan kasuwa a kan 'yan kwabbai, da keken da ba nata ba. Da biyan kuɗin keken ya gagara, masu shi suka zo suka ɗauke abinsu, aiki ya tsaya, tukunya ma ta tsaya. A 1896, yana ɗan shekara bakwai, aka kai shi da wansa Sydney gidan gajiyayyu. Irin waɗannan gidaje sun yaɗu ne bayan dokar matalauta ta 1834, kuma da gangan aka tsananta zama a cikinsu don kada kowa ya leƙa sai wanda ƙasa ta ƙure wa. Tun daga bakin ƙofa ake raba iyali, mata gefe, yara gefe. Daga nan aka wuce da yaran makarantar marayu da marasa galihu ta Hanwell, inda ake bulala a bainar jama'a, inda kuma aka yi wa Charlie aski ƙwal aka shafe kansa da aidin saboda makero.

Akwai wata rana ta 1898 da ta fi duk waɗannan tsaya mini a rai. Sun sake faɗawa hannun hukuma, wannan karon a gidan gajiyayyu na Lambeth, an kuma tura yaran wata makarantar. Hannah ba ta da hanyar ganinsu, sai ta yi dabara, ta ce ta sallami kanta, domin doka ta ce duk uwar da za ta fita sai an miƙa mata 'ya'yanta. Aka kawo su da safe, aka ba su tsofaffin tufafinsu duk a yamutse. Ba su da gidan zuwa. Suka wuni a lambun Kennington, Sydney ya dunƙule jarida suka yi ƙwallo da ita, suka sayi 'ya'yan itace da shayi da ɗan canjin da ke hannunsa. Da yamma ta kama hannunsu suka koma bakin ƙofar da suka fito, ta ce a sake karɓarsu. A watan Satumba na shekarar aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na Cane Hill. Uban ya rasu a 1901 da ciwon hanta, bai kai arba'in ba. Wani ɓangare na wancan gidan gajiyayyu na Lambeth yana nan tsaye, kuma yau gidan adana kayan tarihin sinima ne.

Dandali ne ya cece shi. Ya yi rawa da ƙungiyar yara ta Eight Lancashire Lads, sannan a 1903 ya sami fitowa a matsayin Billy, ɗan aiken gidan Sherlock Holmes. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, Sydney ne ke karanta masa maganganun yana hardacewa. Sydney ɗin dai shi ya ja shi cikin ƙungiyar Fred Karno a 1908. Wasannin Karno kusan babu magana a cikinsu, domin dokar lasisi ta lokacin ta taƙaita wasan kwaikwayo mai magana a irin waɗannan gidaje, don haka komai da jiki ake faɗa, kuma sai an maimaita faɗuwa ɗaya har ta zauna daram. Fitowar da ta yi wa Chaplin suna ita ce ta attajirin mashayi da ke zaune cikin 'yan kallo yana ɓata wa kowa wasa. Ɗan mashayi ne, ya san yadda mai maye ke ƙoƙarin nuna lafiyarsa lau. Karno ya tura su Amurka a 1910, ya sake tura su a 1912. A cikin ayarin akwai wani saurayi daga Lancashire da aka ajiye don ya maye gurbin Chaplin in ya gaza, Stanley Jefferson, wanda duniya ta zo ta sani da Stan Laurel.

A 1913 kamfanin Keystone ya yi masa tayin dala 150 a mako, ninki biyu na abin da yake samu. Mack Sennett, mai gudanar da wurin, fim yake bugawa ba ƙaƙƙautawa: a kora, a faɗi, a jefi wani a fuska, a tashi. Fim ɗin Chaplin na farko, Making a Living, ya fito ranar 2 ga Fabrairu, 1914, kuma shi kansa bai so shi ba. Kwana biyar bayan nan aka saki Kid Auto Races at Venice, a nan jama'a suka fara ganin shigar da ta zame masa fata: wando burmeme, kwat a ɗame, takalma jibga-jibga, hula 'yar ƙarama, sandar gora, da ɗan gashin baki da ya liƙa don ya ƙara wa kansa shekaru ba tare da ya rufe motsin fuskarsa ba. Fim ɗin 'yan mintoci ne. Ana ɗaukar tseren motocin yara, sai ga wani ɗan gararamba ya shigo gaban kyamara. A ture shi, ya dawo. A hankaɗa shi ya faɗi, ya tashi ya kaɗe kwat, ya gyara hula, ya sake shigowa ta ɗaya gefen kamar shi aka zo ɗauka. Matsiyaci ne mai ɗabi'ar manya, kuma bai yarda an fi shi ba.

Cikin 'yan watanni ya fara rigima da masu ba da umarni, har da Mabel Normand, tauraruwar kamfanin. Ya nemi a bar shi ya shirya nasa, ya ajiye dala 1,500 na ajiyarsa a matsayin jingina idan fim ɗin ya ƙi sayuwa. Ya sayu. A shekara guda ya fito a finafinai talatin da 'yan kai, kuma ko ɗaya babu nasa. An yi ta sake musu suna ana sayar da su a matsayin sababbi shekara da shekaru, ko sisi bai gani ba.

Da ya nemi dala 1,000 a mako Sennett ya ƙi, sai ya koma kamfanin Essanay a kan 1,250, da ladan sa hannu na 10,000. A can ya samo Edna Purviance, ya kuma yi The Tramp a 1915, inda ɗan gararamba ya fara ba mutane tausayi bayan dariya. A can kuma ya sha ɗacin da bai manta ba. Ya yi fim na shaguɓe a kan labarin Carmen mai naɗi biyu. Yana barin kamfanin suka kwaso abin da ya zubar, suka ɗauki wasu fitowa da wani ɗan wasa, suka miƙe fim ɗin ya zama naɗi huɗu, suka sake shi da sunansa. Ya kai ƙara, kotu ta ce kayan na kamfani ne. A 1918 ma suka sake haɗa wani, Triple Trouble, daga ragowar da ya bari.

Da zamansa a Essanay ya zo ƙarshe, Sydney ya ajiye nasa wasan ya zama mai yi masa ciniki, kuma ya iya. A 1916 kamfanin Mutual ya sa hannu a kan dala 10,000 a mako da ladan 150,000, jimilla 670,000 a shekara, ga saurayi ɗan shekara 26, a lokacin da albashin shugaban Amurka yake 75,000. Gajerun finafinai goma sha biyu ya yi musu, kuma in aka ce in zaɓi inda gwanintarsa ta fi fitowa tsaf, nan zan nuna. A dubi The Pawnshop. Wani ya kawo agogon tebur jingina. Chaplin ya karɓa ya ɗora masa abin sauraren ƙirji na likita, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya buɗe bayansa da mabuɗin gwangwani, ya sunsuna ya yamutsa fuska kamar kifi ya lalace. Ya sa filaya ya riƙa zaro kayan ciki kamar mai cire haƙori, ya auna tsawon sifirin kamar mai sayar da yadi. Da tarkacen suka fara motsi a kan kanta sai ya feshe su da mai. Daga ƙarshe ya share su duka cikin hular mai agogo, ya miƙa masa, ya girgiza kai: ba za a karɓa ba. Duk wanda ya taɓa kai kayan gida jingina ya san wannan girgiza kai. A Easy Street kuwa layin unguwarsu ya gina a Kalifoniya, da ƙaton da ya addabi kowa, Eric Campbell, shi ma tsohon yaron Karno. A The Immigrant, jirgi na shigowa New York ana hango gunkin 'yanci, sai jami'ai suka zagaye baƙin haure da igiya.

Yadda yake aiki ya fito fili a 1983, da Kevin Brownlow da David Gill suka tattara ragowar zaren da ya zubar suka yi shirin Unknown Chaplin. Ba shi da rubutaccen labari. Yakan sa a gina wuri, a kunna kyamara, ya yi ta gwadawa har dabara ta zo, in ba ta zo ba a rushe a sake. Irin wannan aiki babu mai kuɗin da zai jure shi, sai in kuɗin naka ne.

Shi ya sa yarjejeniyar 1917 da First National ta fi ta Mutual muhimmanci, ko da jaridu sun fi kururuta dala miliyan ɗaya da aka ambata a kan finafinai takwas. Yanzu shi ne furodusan kansa, kamfani rarrabawa kawai zai yi, uwar fim kuma ta dawo masa. Ya sayi fili a titin La Brea ya gina sutudiyonsa, da fuskar gidajen ƙauyen Ingila, aka buɗe a Janairun 1918. Shekara guda bayan haka, da suka ji ƙishin-ƙishin manyan kamfanoni na shirin haɗewa su danne farashin taurari, shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don su riƙa rarraba nasu da kansu. An ce shugaban kamfanin Metro da ya ji labari cewa ya yi mahaukata sun karɓe gidan mahaukata.

The Kid ya fito a Fabrairun 1921. Chaplin ya fara shi ne 'yan makonni bayan ɗansa na fari ya rasu yana da kwana uku a duniya. Ɗakin saman da ɗan gararamba ke renon yaron tsintuwa, Jackie Coogan, ɗakinsu ne na Kennington, kuma motar da jami'ai suka jefa yaron ciki yana miƙa hannu yana kuka, Chaplin ya san inda take zuwa. A Satumbar shekarar ya koma Landan, jama'a suka toshe tituna daga tashar Waterloo har masaukinsa, shi kuwa ya sulale ta ƙofar baya ya tafi duba tsofaffin lungunansu. A shekarar ce kuma ya sa aka kawo Hannah Kalifoniya, ya ajiye ta a gida da masu jinya har ta rasu a 1928.

Fim marar magana ba ya neman tafinta, don haka ɗan gararamba ya shiga inda Chaplin bai taɓa takawa ba. A ƙasashen Afirka da Birtaniya ta mulka, masu yawo da motar majigi sukan saka guntayen finafinansa a tsakanin na tsafta da na noma don jama'a su zauna. Ya kuma iso mana ta wata ƙofar. Raj Kapoor a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955, da ɗangalallen wandonsa da 'yar hularsa da tafiyarsa, daga Chaplin ya aro su, bai kuma ɓoye ba. Wanda ya taso da kallon tsofaffin finafinan Indiya a sinimomin Kano ko Kaduna ya ga jikan Lambeth ko bai sani ba.

Mallaka tana da nata sharrin: wanda komai nasa ne, babu mai ce masa bari. Ma'aikata sukan yi makonni suna zaman jiran ya sami dabara. Mai fushi ne, kuma ba ya son a raba yabo da shi. Waƙar mai sayar da furanni a fim ɗinsa City Lights ta José Padilla ce, ɗan Sifaniya, kuma sai da ta kai su kotu saboda ba a ambaci sunansa ba, Padilla ya yi nasara. Mafi muni shi ne sha'aninsa da 'yan mata. Mildred Harris tana da shekara 16 ya aure ta. Lita Grey ma 16 take, shi yana 35, aka ɗaura a Meziko a 1924 tana da ciki, don gudun dokar Kalifoniya. Rabuwarsu a 1927 ta ci masa sama da dala 600,000, ta kuma zubar masa da mutunci a jaridu. Masu ƙaunarsa sukan bi ta kan wannan da sauri. Bai kamata ba: yara ne masu neman aiki, shi kuma mai sutudiyo.

Sai magana ta shigo fim. The Jazz Singer ya fito a Oktoban 1927, kafin shekara uku Hollywood ta daina fim na bebaye. Chaplin ya ƙi. Ya san ranar da ɗan gararamba ya buɗe baki da Ingilishi, ya zama ɗan wata ƙasa. Ya ci gaba da City Lights, kuma wuri ɗaya ya hana shi barci: ta yaya makauniya mai sayar da furanni za ta ɗauka matsiyaci attajiri ne, ba tare da kalma ko ɗaya ba? Sau 342 aka ɗauki fitowar. Maganin da ya samu ƙarar ƙofar mota ce. Ɗan gararamba ya ratsa ta cikin wata motar alfarma da ke tsaye don ya kauce wa ɗan sanda, yarinyar ta ji an rufe ƙofa, ta miƙa fure. Aka buɗe fim ɗin a Janairun 1931, Albert Einstein na zaune kusa da shi, ya kuma kawo riba mai kauri.

A gwada shi da tsararrakinsa. Buster Keaton, wanda wasu masana ke ganin ya fi Chaplin iya sarrafa kyamara, ya bar nasa sutudiyon ya shiga kamfanin MGM a 1928. Cikin shekara biyar an ƙwace masa iko, an sallame shi, daga baya ya dawo yana ƙirƙira wa wasu barkwanci a kan ƙaramin albashi. Stan Laurel ya yi suna a duniya tare da Oliver Hardy, amma fitattun finafinansu na mai sutudiyo Hal Roach ne. Ana ta nuna su a talabijin, shi kuwa yana zaune a wani ɗan gida a Santa Monica, lambarsa na cikin littafin waya, har ya rasu a 1965.

Daga 1931 hankalin Chaplin ya karkata ga siyasa. A Satumbar shekarar ya gana da Gandhi a unguwar talakawa ta Canning Town a Landan (Gandhi bai ma taɓa jin sunansa ba), suka yi musu a kan injina. Modern Times na 1936 ya biyo baya, da ma'aikacin da inji ya haɗiye, kuma a nan aka fara jin muryar ɗan gararamba, yana waƙa da yaren da babu shi. Sai The Great Dictator. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwarsa da ta Hitler, ga gashin baki iri ɗaya. Lokacin da ya fara shiri, manyan kamfanoni na tsoron rasa kasuwar Turai, jami'an Birtaniya na nuna alamar za su hana nuna shi. Da kuɗinsa ya yi, babu wanda zai tambaya. Kafin ya fito a Oktoban 1940 yaƙi ya ɓarke, masu tsoron jiya suka koma neman a gaggauta. Shi ne fim ɗinsa da ya fi kawo kuɗi. A ƙarshensa ya fuskanci kyamara ya yi jawabi na mintoci, kuma daga ranar bai daina magana ba.

Maganar ce ta ja masa. A 1942 ya yi ta kiran a buɗe fagen yaƙi na biyu don taimakon Rasha, hukumar FBI ta J. Edgar Hoover ta ƙara kaurin fayil ɗinsa. Wata 'yar wasa, Joan Barry, ta ce shi ne uban 'yarta. Gwajin jini ya nuna ba shi ba ne, amma kotu ta ɗora masa ciyarwa a 1945. Ana cikin haka, a 1943, ya auri Oona O'Neill tana 18 yana 54, auren da ya ɗore har mutuwa da 'ya'ya takwas. Monsieur Verdoux na 1947 ya sha ƙauracewa. Abin da ake ta jifansa da shi kuwa shi ne ya kusa shekara arba'in yana cin arzikin Amurka bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. A Satumbar 1952 ya hau jirgin ruwa na Queen Elizabeth zuwa Landan don buɗe Limelight, fim ɗin tsohon ɗan wasan da aka manta da shi, wanda ya gayyato Keaton suka fito tare. Jirgin na tsakiyar teku ministan shari'a James McGranery ya soke izinin komawarsa, ya ce sai ya amsa tambayoyi kan siyasarsa da ɗabi'unsa.

Bai roƙi kowa ba. Oona, wadda 'yar Amurka ce, ta koma ita kaɗai ta kwashe abin da ke banki. Ya sayar da sutudiyon a 1953, ya sayar da hannun jarinsa na United Artists a 1955, uwayen finafinan kuma suka bi shi Turai. Ya zauna a wani katafaren gida, Manoir de Ban, a Corsier-sur-Vevey ta ƙasar Suwizalan. Finafinai biyun da ya yi daga baya a Ingila, A King in New York na 1957 da A Countess from Hong Kong na 1967, ba su kai na da ba, na biyun ma kusan abin tausayi ne. Ainihin aikin tsufansa shi ne tsofaffin: yana fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana tsara musu kiɗa, yana sake sayarwa. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun ɓace baki ɗaya, wasu gobara ta ci, wasu an narka su don 'yar azurfar da ke jiki. Waɗanda Chaplin ya fitar daga 1918 zuwa gaba suna nan lafiya, kuma in ban da A Countess from Hong Kong, duk suna hannun kamfanin iyalinsa, Roy Export.

A Afrilun 1972 Amurka ta kira shi ta ba shi Oscar ta girmamawa, aka miƙe ana tafi na minti goma sha biyu. Shekara ta gaba kiɗan Limelight ya ci Oscar, shekara ashirin bayan yin fim ɗin, domin sai a 1972 aka nuna shi a Los Angeles. Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar Sir a 1975, yana kan keken guragu. Ya rasu cikin barci ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.

A farkon Maris na 1978 wasu makanikai biyu marasa aiki, ɗaya ɗan Poland ɗaya ɗan Bulgeriya, suka tone kabarin da daddare suka tafi da akwatin gawar, suka shiga buga waya suna neman kuɗin fansa. Oona ta ce ba ta biya. 'Yan sanda suka sa ido a kan rumfunan waya kusan 200 na yankin har suka cafke ɗaya yana tsakar magana. Bayan mako goma sha ɗaya aka tono akwatin a wata gonar masara kusa da ƙauyen Noville. Kotu ta yanke wa jagoran shekara huɗu da rabi, abokinsa wata goma sha takwas na jeka-ka-gyara-halinka, iyalin kuma suka mayar da akwatin inda yake, suka zuba kankare a kai.